Gishirin Mista Sabol

A garin Tolliver, in ka ce Leonard Sabol sai an ɗan yi tunani kafin a gane wanda kake nufi. Amma ka ce Mai Gishiri, ko tsohuwar da ba ta fita sai ranar Lahadi za ta kwatanta maka gidansa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da adabi a sakandaren garin, kuma duk ɗalibin da ya kai ajin kusa da ƙarshe sai ya bi ta hannunsa, sun karanta littafi ɗaya tare tun daga Fabrairu har Mayu.

Ubansa ma'aikacin masana'antar kwalabe ne, kamar uban kowa a lokacin. Mutum ne marar magana. In ya dawo aiki ya wanke hannu, ya ci kabeji da dankali, ya kunna rediyo, shi ke nan. Babu littafi a gidan sai na addu'a. Leonard yana shekara goma sha shida ya faɗo daga rufin gareji ya karye a cinya, aka kwantar da shi wata biyu. Don kada a bar shi a baya, malamarsu ta aiko masa da littafin da ajin ke karantawa, ɗan ƙarami mai bango ruwan toka, da hatimin makaranta a shafin farko. Bai taɓa mayar da shi ba.

Tsohon labari ne, irin wanda ake cewa duk ɗan ƙasa ya kamata ya karanta. Wata mata ce mijinta ya mutu ya bar ta da gidan saukar baƙi a bakin tashar jiragen ruwa, da 'ya'ya, da ƙanin miji, da wata tsohuwar mai aiki. Gidan ya yi ta raguwa, mutum ɗaya bayan ɗaya, har ta rage ita kaɗai. Masana sun daɗe suna rubutu a kan matakalar gidan da ake yawan ambata, da tagar da ba a buɗewa, da hular mamacin da ke rataye a ƙusa. Waɗannan kowa ya san su, har a tambayoyin jarrabawa suna fitowa. Abin da Leonard ya gani a karatunsa na uku, yana kwance ƙafa a ɗaure, daban ne. Gishiri ya gani. Sau bakwai aka ambaci gishiri a littafin, kuma duk inda aka ambace shi, a babi na gaba sai wani ya bar gidan, ko da ƙafarsa ko a akwatin gawa, kuma ba ya dawowa. Ya ƙirga, ya koma farko ya sake ƙirgawa. Bakwai cif. Ji ya yi kamar marubucin, wanda ya mutu tun kafin a haifi ubansa, ya sunkuyo ya raɗa masa maganar da bai faɗa wa kowa ba.

Yaron da kowa ya ɗauka masana'anta zai shiga, sai ga shi a kwalejin horon malamai. Ya gama ya dawo gida a 1974, aka ba shi ajin da shi ma ya zauna a ciki. Shekara biyu bayan nan ya auri Rita Dombek, wadda ke aiki a shagon gyaran gashi na bakin gada, mace mai dariya da ƙarfi da saurin hannu. Suka haifi 'ya ɗaya, Paula.

Ya iya koyarwa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ranar farko ta littafin yakan shigo aji da kwalbar gishirin tebur a aljihun kwat, ya dire ta a gabansa, ba zai ce komai a kanta ba har sati uku. Yara su yi ta tambaya.

"Mista Sabol, ƙwai za mu soya ne?"

"Ku dai karanta. Wanda ya fara ganewa, ya huta da aikin gida na sati guda."

Kullum kuwa sai wani ya gane, yawanci wanda ba a zata ba, ɗan kujerar baya mai barci. Sai ka ga ya ɗago kai ya ce, "Kai! Wallahi wani zai sake tafiya!" Aji ya kaure da ihu. Leonard ya tsaya jikin allo, kunnuwansa sun yi ja don daɗi. Yakan ce musu babu kalmar da ta faɗo cikin littafin nan da ka, duk abin da aka maimaita da dalili aka maimaita shi, mai haƙuri kuma zai ga dalilin. Wurin da ya fi so shi ne gishiri na huɗu, inda uwar ta share gishirin da ya zube a tebur da gefen hannunta ta mayar cikin kwano, ba ta ɗago ta dubi ɗanta ba. Layi biyu ne kacal.

Abokinsa ɗaya ne a makarantar, Stan Dudek, malamin aikin katako, ƙato mai yatsu tara da rabi. Tare suke cin abincin rana, kuma Stan bai taɓa barinsa ya ci lafiya ba.

"Len, miƙo min gishiri. A'a, bari, kada in mutu a babi na gaba."

"Kai ai ba ka cikin littafin, Stan. Ba a sa irinku."

"Mutumin nan fa yunwa yake ji lokacin da yake rubutu, shi ya sa. Da ya samu barkono da shi zai sa."

Leonard ya yi dariya, amma a ransa tausayin Stan yake ji.

Koyarwa ba ta ishe shi ba. Yana so ya rubuta abin a tsanake, da hujja, yadda babu masanin da zai iya turewa. Ya gyara ɗakin ƙasa na gidansu, ya sa tebur, ya fara tara katuna a kwalayen takalmi. Kowane kati da shafi, da layi, da wanda ke cikin ɗaki lokacin, da abin da ya biyo baya. Daga gishiri ya shiga hawaye, daga hawaye ya shiga ruwan teku da gumi, don ya nuna duk jijiya ɗaya ce. Ya karanta tarihin cinikin gishiri, ya bi duk inda aka ambace shi a Littafi Mai Tsarki. Lokacin makaranta babu sarari, don haka dogon hutu ne lokacin aikin. Da an rufe makaranta a Yuni sai ya sauka ƙasa, ba a ganinsa sosai sai ƙarshen Agusta.

Rita tana da yaya, Joan, da aure ya kai ta Oregon, can bakin teku. Duk shekara Joan sai ta rubuto ta ce su zo.

"Len, bana fa?"

"Bari in rufe babin nan, Rita. Baɗi in Allah ya kai mu, mu yi wata guda cur."

"Bara ma baɗi ka ce."

"Saura kaɗan, wallahi."

Ba ta cika ja da shi ba. Takan sauko masa da kofi, ta tsaya ta dubi kwalayen ta girgiza kai. A shago kuwa, in wata ta taɓa shi da zolaya, nan take Rita ta tare: "Mijina littafi yake rubutawa. Naki me yake yi, ban da kallon ƙwallo?"

Aka rufe masana'antar kwalabe a 1983. Garin ya fara zubewa. Shaguna suka rufe, gidaje suka zama kango, ajin da ke ɗaukar yara talatin ya koma sha takwas. Makaranta ba ta sake sayen littafin adabi ba, sai Leonard ya zauna da gam da salatif yana ɗinke tsofaffin masu bango ruwan toka, irin nasa sak. Sau ɗaya, a wata mujallar masana, ya ga an kawo wani layi daga littafin wanda bai sani ba. Ya duba nasa bai gani ba. Ya yi tsaki ya ce manyan nan ma ashe ba sa duba abin da suke rubutawa, ya wuce.

Paula ta girma a saman bene, uban yana ƙasa. Ta gama makaranta ta tafi Texas aikin jinya. Wata Lahadi ta waya, da ya manta ranar haihuwarta karo na biyu, ta ce masa, "Baba, ba komai. Da a littafin aka haife ni da ka tuna." Ta faɗa da dariya. Shi ma dariyar ya yi, ya miƙa wa uwarta wayar.

Yana shekara hamsin da shida ya gama. Ya taƙaita aikin ya aika wa wani babban taron malaman adabi da za a yi a Chicago cikin Nuwamba, aka amsa masa, aka ba shi minti ashirin. Rita ta kai takardar amsar shago ta manna a jikin madubi. Ta sayo masa sabuwar kwat, ta aske shi da kanta. Stan ne ya kai shi tashar bas.

"In sun ba ka kujerar farfesa kada ka manta da mu talakawa."

"Zan aiko maka da hoto ka rataya a bayi."

Ɗakin da aka ba shi ƙarami ne, a hawa na uku na otal, ƙarfe biyu na rana. Mutum tara ne suka zo. Ya fara karanta takardarsa a tsorace, amma da ya kai gishiri na huɗu sai ya manta da tsoro, ya ajiye takardar ya faɗi layin da ka. Aka tafa masa. Wani dattijo ya ce abin sha'awa ne, ya duba agogo ya fita. Sauran suka bi shi, sai wata mata ɗaya da ta zauna har ɗakin ya zama babu kowa. Ba za ta wuce sa'ar Paula ba. Ta ce sunanta Dakta Ellery, a kan wannan marubucin ta yi digirinta.

"Mista Sabol, na ji daɗin yadda kake son littafin nan. Don Allah in tambaye ka, wane bugu kake aiki da shi?"

Ya zaro nasa daga aljihu, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juya shi, ta duba shafin farko. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da nata ta ajiye kusa da nasa. Nata ya fi kauri, ko makaho ya shafa zai ji.

"Ban so in faɗa a gaban mutane ba," in ji ta. "Wannan naka bugun makarantu ne. Shekara hamsin da suka wuce wani kamfanin ɗab'i ya sa aka tace littafin saboda yara. Suka cire duk wuraren mashaya, da haihuwar da aka yi a kicin, da zage-zage. Wajen shafi sittin. Kuma ba su rubuta a ko'ina cewa sun taɓa shi ba. An daina buga shi tuntuni, na ɗauka ma babu sauran makarantar da ke da shi."

"To, ai gishirin..."

"Na duba a kwamfutata kana cikin magana. Sau ashirin da shida ne."

Ya ji maganar, amma kamar daga wani ɗaki ake yin ta. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ashirin da shida."

"Ka yi haƙuri. Ba laifinka ba ne, ko kaɗan. Riƙe nawa, ina da wani."

Ya yi mata godiya. Har ya riƙe mata ƙofa.

Washegari a bas, tun daga fitowar rana har la'asar, ya karanta. Ga gishiri a kifin da matuƙan jirgi ke ci a mashaya. Ga shi ana shafa wa naman alade. Ga mai aiki tana watsa shi a ƙofar gida don ƙanƙara ta narke. Ga wani mashayi yana zagin miya ya ce ta yi gishiri. Babu wanda ya tafi, babu wanda ya mutu, gishiri ne kawai na mutanen da ke cin abinci. Duk da haka ya riƙe ɗan fata a ransa, yana cewa bakwai ɗin nan ai suna nan a cikin sauran, wataƙila a iya ware su. Sai ya iso wurin na huɗu. A cikakken littafin, uwa da ɗa faɗa suka yi na shafi huɗu, ta kira shi da sunan da ba a faɗa a aji, ya jefe ta da kujera. Babu tebur, babu gefen hannu, babu kwano. Layi biyun da ya shekara talatin yana karantawa, wani ma'aikacin kamfani ne ya rubuta su don ya toshe ramin da almakashinsa ya bari.

Ya rufe littafin ya ɗora a cinya. Matar da ke kusa da shi ta miƙo masa biskit, ya karɓa ya ci.

Rita da Stan na jiransa a tasha. Tun kafin ya gama saukowa ta ƙwala masa kira.

"Yaya? Faɗa min! Me suka ce?"

"Sun tafa," in ji shi.

Ta rungume shi tana tsalle kamar yarinya. Stan ya buga masa hannu a baya har ya yi tari. Ranar Asabar Rita ta tara maƙwabta, ta dafa kabeji da taliya da tsiran alade, ta sa shi ya tsaya ya ba da labari. Ya ba da labarin otal, da tsayin gine-gine, da dattijon da ya ce abin sha'awa ne. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Littafin mai kauri kuwa yana but ɗin mota, ƙarƙashin tayar safaya.

Kullum yana cewa gobe zai gaya mata. Kirsimeti ta zo ta wuce. Ya rage cin abinci, wandunansa suka yi masa yawa. Rita ta ɗauka jiran amsar masu buga littafi ne ke cinsa, ta riƙa cewa, "Za su kira, Len, irin waɗannan ba sa sauri." Yakan sauka ɗakin ƙasa ya zauna gaban tebur, hannu a aljihu, yana jin takunta a sama.

Fabrairu ta zo, ya shiga aji da kwalbar gishiri a aljihu, don bai san wata hanyar shiga ba. Ya raba tsofaffin littattafan. Aka yi sati uku, wani ya gane, aka yi ihu. Ya tsaya jikin allo yana kallonsu kamar mai kallon bikin wasu ta taga.

Ranar da suka iso na huɗu, ya fara karanta layin, sai wata yarinya ta ɗaga hannu. Kayla Boggs ce, mai ƙoƙari, marar kunya kaɗan. Kwafin da aka ba ta ya rasa shafuka, don haka uwarta ta sayo mata sabo a birni.

"Mista Sabol, wannan layin fa babu shi a nawa. A nawa zagi take ta ɗura masa. In karanto?"

Aji ya fashe da dariya. "Karanto! Karanto!"

Da ya so, da ya ce bugu ne daban, a ci gaba, kuma da sun yarda, don babu wanda ya taɓa kama shi da ƙarya. Ya dubi yarinyar, ya dubi littafin da ke hannunta. Ya ja kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi a aji ba.

"Nata ne daidai," in ji shi. "Namu yankakke ne. Gishirin ba bakwai ba ne. Abin da na koya muku, da abin da na koya wa iyayenku, babu shi a littafin. Layin nan ma ba marubucin ne ya rubuta ba."

Can wani daga baya ya ce, "To, zai fito a jarrabawa ko ba zai fito ba?"

"Ba zai fito ba."

"Yawwa."

Kayla ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mamata fa har yau in gishiri ya zube sai ta kira yayana a waya ta ji ko lafiya yake."

"Ki ba ta haƙuri," in ji Leonard.

Kafin a tashi makaranta labari ya kai bakin gada. Uwar Kayla ce ta kai shi, tana zaune kanta cikin tawul, a hannun Rita.

Da ya dawo gida da yamma ya same ta a kicin, ko rigar aiki ba ta cire ba. Takardar da ta manna a madubin shago tana kan tebur.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Chicago."

"Tun Chicago." Ta gyaɗa kai. "Ka tsaya a falon nan, ka ci abincina, ka bar ni ina ta cika baki a gaban mutane. Wata huɗu, Len. Yau a gaban mata shida na ji, almakashi a hannuna. Har cewa na yi ƙarya take yi."

"Na rasa ta inda zan fara."

"Ka ga, ni kuskuren bai dame ni ba. Wallahi bai dame ni ba. Ni ban taɓa gama littafin nan ba, sau uku ina farawa barci na ɗauke ni. Bakwai ne, ɗari ne, ina ruwana? Kai na yarda da shi, ba gishiri ba. Na ce mutumin nan yana da abin da ya riƙe, ba kamar sauran mazan garin nan ba, bari in tsare masa ƙofa. Na tsare. Paula ta koyi keke, Stan ne ya riƙe mata sirdi. Joan ta binne mijinta ban je ba, don kana babi na tara. Ban taɓa yi maka gori ba. Amma da abin ya rushe, ka ɗauko ka kai wa 'yan shekara sha shida, ni kuwa sai a shago."

"Rita, kunya ce."

"Kunyata ka ji? Ni da nake wanke maka kamfai shekara talatin?"

Ta jira, ta ba shi lokaci sosai. Sannan ta tashi ta ɗora tukunya, suka ci abinci.

A Yuni ya ajiye aiki. Aka yi masa ɗan biki a ɗakin malamai, da kek da katin da kowa ya sa hannu, babu wanda ya ambaci littafin. Satin da ya biyo baya Rita ta ce za ta je wurin Joan.

"Bari in zo mu tafi tare. Yanzu ai ba ni da abin yi."

"Na sani," in ji ta. "Ni kaɗai zan je."

Ta ce sati biyu. Sati biyu ya zama wata biyu, sannan ta ce Joan ba ta jin daɗi, sai ta ɗan murmure. Takan kira ranar Lahadi bayan coci, ta tambaya ko ya ci abinci, ko ya kira mai gyaran tukunyar ɗumama gida. Shi kuma ya ce ya ci, ya kira.

A wannan shekarar ya yi ƙoƙarin sake farawa. Ya ɗauko cikakken littafin ya karanta sau biyu, a hankali, da fensir. Abin da ya ƙara karya shi, ya ga littafin ya fi wanda ya sani kyau. Ya fi rai, ya fi ƙazanta, mutanensa suna maye suna zagi suna yafe wa juna ba dalili, abubuwa suna faruwa ba tare da an yi musu sallama ba. Uwar da ya ɗauka waliyyiya ce mai shiru, ashe masifaffiya ce mai ban dariya. Ya gane babban littafi ne, ya kuma gane ba ya sonsa. Wanda yake so wani ma'aikaci ne ya yanka shi da almakashi, ƙila a cikin sati biyu, ƙila yana hamma.

Stan yakan zo ranar Laraba da miya a roba, matarsa ta aiko. Ya daina zolayar, kuma rashinta ya fi ta ciwo. Wata rana suna zaune a baranda ya ce, "Len, yaran nan fa sun karanta littafi saboda kai. Ɗana bai taɓa gama wani littafi ba sai wannan. Ba a banza ba ne."

"Na koya musu su ga abin da babu."

"To, sai me? Ni na koya musu yin akwatin tsuntsu. Ka taɓa ganin tsuntsu a ciki?"

Leonard ya yi murmushi don kada Stan ya ji ba daɗi. Shekara biyu bayan nan aka rufe makarantar, aka haɗa yaran da na garin gaba, bas na kwasarsu da safe. A can ba a karanta littafin, gajerun rubuce-rubuce ake ba su.

Rita ta dawo bayan wata goma sha huɗu, da aka binne Joan. Ta rame, gashinta ya yi fari fat, ta daina rina shi. Ya ɗauko ta a tasha, ya ɗaukar mata jaka. Ta koma ɗakin Paula na da, ta ce bayanta ne ke ciwo, katifar can ta fi tauri. Ba su sake yin faɗa ba. Suna cin abinci ƙarfe biyar, suna kallon labarai, yana wanke kwanuka tana gogewa. In ya yi tari ta kawo masa magani. Sau da yawa yakan shirya magana a ransa tun safe, ya jera ta tsaf, in sun zauna sai ya ji kansa yana cewa za a yi ruwa gobe. Karatu kuwa ya bari gaba ɗaya, ko jarida sai dai ya duba shafin mutuwa ya ga ɗalibansa nawa suka riga shi. Suna da yawa. Ƙwaya ta shigo garin a waɗannan shekarun.

Stan ya rasu a 2014. Leonard na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin, a gefen da ya fi sauƙi.

Shi kuma bayan shekara biyu, cikin Nuwamba, yana sharar ganye a gaban gida da hantsi, ya jingina tsintsiyar da bishiya ya zauna a matakalar baranda. Rita ta hango shi ta taga ta ɗauka hutawa yake yi, ta gama wayar da take yi da Paula tukuna.

Mutum goma sha ɗaya ne a cocin ranar jana'izarsa. Fada ɗin sabo ne, coci uku yake riƙewa, bai taɓa ganin mamacin ba. Ya kira shi Leonard Sobel. Rita ta gyara masa daga inda take zaune, da ƙarfi, har ya ba da haƙuri. Da ya sake kuskurewa a bakin kabari sai ta ƙyale shi.

Bayan Kirsimeti Paula ta zo ta tafi da ita Texas. An kafa allon sayarwa a gaban gidan, ya shekara uku a tsaye har iska ta kayar da shi. Rabin gidajen layin haka suke.